Wa'azin Rana ta 11: Macutan da ke Kiran Waya da Sunan Ma'aikatan Haraji

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, duk mai bin tafsiri ya san ayoyin azumi a Suratul Baƙara sun fara daga aya ta 183 zuwa ta 187. Aya ta 188 kuwa, wadda ke biye da su, ita ce ta hana cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna. Wanda ya kame bakinsa daga abincin halal da rana, ya fi cancanta ya kame hannunsa daga haƙƙin ɗan uwansa. Saboda haka yau za mu yi bayani kan wata cuta da ke shigo wa mutane ta salula.

Ga yadda take zuwa. Wani zai kira ɗan kasuwa, ya ambaci sunansa da layin da rumfarsa take, ya ce daga ma'aikatar haraji ta ƙasa, wadda ake kira DGI, yake magana. Sai ya ce ana bin sa lanho ko fatanti, kuma kafin la'asar za a rufe shagon in bai biya ba. Idan ya ji tsoro ya kama mutum, sai ya sassauta murya: tarar jaka 200 ce, amma a turo jaka 50 ta Airtel Money ko Nita, shi zai kashe maganar. Sanin suna ba hujja ba ne, domin suna da lambar waya suna rubuce a allon shago, kowa na karantawa.

Alamomin macuci huɗu ne. Ta farko gaggawa, ba ya barin ka yi shawara. Ta biyu ɓoyo, yana cewa kada ka faɗa wa kowa. Ta uku, yana son kuɗin su shiga lambar wani mutum. Ta huɗu, yana tambayar lambar sirrin asusunka, ko lambar da ta shigo maka ta saƙo. Wanda ya ba da wannan lamba ya miƙa makullin rumbunsa da hannunsa.

Harajin hukuma yana da ƙofa. Ɗan kasuwa mai lambar NIF yana da ma'aikatar da takardunsa suke, kuma duk abin da ya biya ana ba shi takardar shaida. Lanhon gari ma, ta hannun mai gari ko mai unguwa da ma'aikatar magajin gari yake bi, da takardarsa. Kuɗin da ba su da takarda ba su isa baitulmali ba.

Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurati, aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi. To, idan irin wannan kira ya same ka, ka kashe wayar, ba rashin ladabi ba ne. Kada ka sake kiran lambar don neman tabbaci, ɓarawo ba ya shaidar kansa. Ka taka da ƙafarka zuwa ma'aikatar haraji ka tambaya. Dattijon da ba ya karatun boko ya tafi da ɗansa. A kuma kula, yarda da a rage maka tara ta bayan fage rashawa ce, ko da mai kiran ma'aikacin gaskiya ne. Da yawa kwaɗayin ragi ne ya kai su rami.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta rufe masa baki. Ya adana lambar da saƙonnin da takardar tura kuɗin, kada ya goge komai. Ya gaggauta sanar da kamfanin da ya tura ta hannunsa, sannan ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi. Ƙasarmu Nijar tana da dokar hukunta laifukan da ake yi ta waya da intanet tun shekarar 2019. Shirunka shi ke bai wa macuci damar kiran maƙwabcinka gobe, wataƙila gwauruwa mai marayu wadda jarinta duka bai wuce abin da ya nema ba.

Muna gargaɗin matasa: kada ka ara wa kowa katin shaidarka ko layin wayarka don a karɓi kuɗin da ba ka san asalinsu ba. Sunanka za a tarar, kuma kana da rabo cikin zunubin. Kai kuma mai wannan sana'a, ka sani malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da shi ga masu shi. Ga wata na gafara, ƙofa a buɗe take.

Limamai su maimaita wannan bayan asham, magidanta su isar wa iyali a wajen buɗa baki. Allah Ya tsare mu daga zalunci da azzalumai, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Amin.