Ɗaurin Gwiwa: Abin da Yake Yi da Abin da Ba Zai Iya Ba

Ranar 12 ga Afrilun 2000, a birnin Rum, Ronaldo ɗan Brazil ya taso daga benci a wasan ƙarshe na Kofin Italiya tsakanin Inter Milan da Lazio. Kusan wata biyar rabonsa da fili, bayan aikin da aka yi masa a gwiwar dama. Ko minti goma bai cika ba ya ɗauko ƙwallo ya tunkari masu tsaron baya, sai kawai ya zube yana riƙe da gwiwa yana ihu, alhali ba wanda ya taɓa shi. Jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwarsa ce ta tsinke gaba ɗaya. Sai da ya haura shekara guda yana jinya kafin ya dawo, har ya ci ƙwallo 8 a Gasar Kofin Duniya ta 2002.

Tsinkewa irin wannan ba kasafai take faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ciwon da ke cin wannan jijiya a hankali, wanda ke sa matashi ya tsaya a kemis ko shagon kayan wasanni ya ce a ba shi abin ɗaure gwiwa. Mai shago kuwa ya miƙo duk wanda hannunsa ya kai. A nan ake yin kuskuren farko, domin kayan ɗaurin gwiwa iri-iri ne, kuma kowanne da aikin da aka yi shi dominsa.

Jijiyar gajeruwa ce, tsawonta bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Ta taso daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ta manne a kan ɗan tudun da ke saman ƙashin ƙwauri. Duk ƙarfin manyan tsokoki huɗu na gaban cinya ta cikinta yake bi kafin ƙafa ta miƙe. Idan mutum ya yi tsalle ya dira, ita ke karɓar nauyi ta riƙe, sannan ta sake shi kamar danƙo. Ɗan ƙwallon raga, ɗan ƙwallon kwando, mai tsaron gida, har da ɗan langa da ke tsalle a ƙafa ɗaya, duk wannan ɗan guntun abu suke ɗora wa kaya. In aikin ya fi ƙarfin hutun, zaren jijiyar ya fara hargitsewa, ta yi kauri ta yi rauni. Likitoci sun gano cewa a ciwon da ya daɗe, lalacewar zaren ce babbar matsala, ba kumburi ba, shi ya sa maganin kumburi kaɗai ba ya kawo ƙarshensa.

A 1973 wani likitan ƙashi a Amurka, Martin Blazina, tare da abokan aikinsa suka raɗa wa ciwon suna gwiwar mai tsalle. Sunan ya dace. Binciken da aka wallafa a 2005 kan ƙwararrun 'yan wasa 613 a Norway ya nuna kashi 14 cikin 100 na fama da shi. A cikin 'yan ƙwallon raga adadin ya kai kusan kashi 45, a 'yan ƙwallon kwando kusan kashi 32, amma a cikin masu tseren keke ba a sami ko mutum guda ba.

Alamarsa ba ta ɓuya. Mai ciwon yana iya ɗora yatsa ɗaya a gefen ƙasan ƙoƙon gwiwa ya ce nan ne. Yana tashi a lokacin tsalle, saukowa daga bene, tsuguno, ko miƙewa daga sujada. Sau da yawa yakan lafa in jiki ya ɗau zafi a fili, washegari da safe ya dawo da ƙarfinsa. Wannan lafawar ce ke yaudarar 'yan wasa su ci gaba da bugawa wata da watanni.

Ga mai irin wannan ciwo na wuri ɗaya, abin da aka ƙera dominsa shi ne siririyar ɗamarar nan mai faɗin kamar yatsu biyu, mai ɗan curi a tsakiya. Ana ɗaura ta a ƙasan ƙoƙon gwiwa, curin ya zauna a kan jijiyar, tsakanin ƙoƙon da tudun ƙwauri, ba a kan ƙashi ba. Masu bincike a Jami'ar Jihar Michigan sun nuna a 2011 cewa matsin ɗamarar na iya sauya kusurwar da jijiya ke haɗuwa da ƙoƙo, ya rage jan da ke kan daidai inda ciwon ya saba zama. Ba ta da nauyi, ba ta hana gudu, kuma ba ta tara zufa.

Safar gwiwa dabam take. Ita tana rufe gwiwar duka, ta matse ta, ta ɗumama ta, ta kuma sa mai ita ya riƙa jin motsin gaɓar sosai. Ta fi amfani ga wanda ciwonsa ya bazu, ko gwiwarsa ke ɗan kumbura bayan aiki, ko dattijon da ke fama da ciwon gaɓɓai. Matsinta a warwatse yake, don haka ba ta danna jijiyar kamar ɗamara, sai dai irin wadda aka ɗinka wa zoben roba mai taushi kewaye da ƙoƙo. Akwai ta roba mai kaurin milimita 5 ko 7, wadda masu ɗaga ƙarfe ke so, akwai kuma ta saƙa mai shan iska. A zafin Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, ta robar takan jawo zufa da ƙuraje, ta saƙar ta fi daɗin zama a jiki.

Na uku shi ne babban ɗauri mai ƙarafa a gefe da gefe. Wannan na wanda gwiwarsa ke gocewa ne saboda raunin jijiyoyin da ke riƙe gaɓar. Mai ciwon gwiwar mai tsalle da ya saye shi ya kashe kuɗi mai yawa a kan abin da ba nasa ba.

To, ɗamarar tana aiki kuwa? A 2016 masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan sun wallafa gwajin da suka yi wa 'yan wasa 97 masu wannan ciwo. Sun gwada ɗamara, sun gwada filastar wasanni, sun kuma gwada filastar bogi da aka manna ba tare da ta matse komai ba. Ciwo ya ragu na ɗan lokaci da ɗamara da filasta, amma har filastar bogin ma ta ba da sauƙi. Ma'ana, wani ɓangare na sauƙin daga taɓa fata da kwanciyar hankali yake zuwa. Sauƙin na gaske ne, sai dai ba ya nufin jijiyar ta warke. Rafael Nadal ya shafe shekaru yana buga tanis da farar filasta a ƙasan gwiwoyinsa, duk da haka ciwon jijiyar gwiwa ya hana shi kare kambunsa na Wimbledon a 2009.

Haka kuma a yi hattara da tallan da ke cewa an saƙa jan ƙarfe a cikin safa don kashe ciwo. A 2015 kamfanin Tommie Copper ya amince ya biya dala miliyan 1.35 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhume shi da yin irin wannan iƙirari ba tare da hujja ba.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne awo. A nemi tef irin na tela a auna ƙafa kafin a saya, domin matsakaicin wani kamfani shi ne ƙaramin wani. Kamfanin Bauerfeind na Jamus, misali, yana son a auna kaurin cinya santimita 14 sama da tsakiyar ƙoƙo, da kaurin ƙafa santimita 12 ƙasa da shi. Ɗamara kuma a ƙasan ƙoƙo ake auna mata. Bayan an ɗaura, yatsa ya iya shiga ƙarƙashinta. Gwajin da ya fi kowanne sauƙi ana iya yin sa a cikin shagon: mutum ya ɗan tsuguna a kan ƙafar mai ciwo ba ɗauri, sannan ya maimaita da ɗauri. In bai ji bambanci ba, ya bar musu kayansu.

Lokacin wasa ko aiki ake sa ɗauri, a cire in an gama, kuma ba a kwana da shi. Da zarar ƙafa ta fara sagewa, ko yatsu suka yi sanyi, ko sharaɓa ta kumbura, a kwance shi nan take. Mai ciwon suga ko matsalar gudanar jini ya tambayi likita tukuna. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 15 da ke kukan ciwo a kan tudun ƙwauri wataƙila ciwon girma ne da ake kira Osgood-Schlatter, wanda ke buƙatar a duba shi a rage masa wasa. Akwai kuma maganin da ya kamata a sani: tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan ciprofloxacin da danginsa cewa suna iya raunana jijiya har ta tsinke, ga shi kuwa ana yawan sayensa a kemis. Wanda ya ji ƙara a gwiwa, ya kasa ɗaga ƙafarsa a miƙe, ko ya ga ƙoƙon ya haura sama, asibitin ƙashi irin na Dala zai nufa a ranar, domin tsinkakkiyar jijiya ɗinki take so, kuma jinkiri na ɓata aikin.

Waraka kuwa daga motsa jiki mai tsari take zuwa. A 2009 masu bincike a Denmark sun kwatanta allurar kashe kumburi da atisaye iri biyu na tsawon mako 12: tsuguno a kan allo mai gangara, da ɗaga nauyi sannu a hankali. Da fari duka ukun sun ba da sauƙi. Bayan wata shida, masu allura sun koma baya, masu atisaye kuwa sauƙinsu ya ɗore. Jijiya tana gina kanta ne idan aka ɗora mata nauyi daidai ƙarfinta, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, tare da rage tsalle na wani lokaci.

Don haka duk wanda ciwon ƙasan ƙoƙon gwiwa ya kai masa mako biyu zuwa uku bai lafa ba, ya je wurin likitan fisiyo a tabbatar da abin da ke damunsa, a tsara masa atisaye. In ɗamara na ba shi sauƙi ya riƙa sa ta a fili, amma ya ware aƙalla wata uku na atisayen ba tare da fashi ba.