Ba Kowace Guba Ɗumame Ke Kashewa Ba

An dafa shinkafar biki tun da hantsi, an zuba a manyan kuloli, ta wuni ta kuma kwana. Da safe uwargida ta shinshina ba ta ji tsami ba, sai ta yayyafa ruwa ta mayar kan wuta har ta yi turiri. Kafin azahar yara uku suna ta kelaya amai. "Wallahi na ɗumama ta sosai," in ji ta. Ba ƙarya ta yi ba. Wutar ta kashe ƙwayoyin cutar, amma gubar da suka riga suka zuba a cikin shinkafar tana nan daram.

Mai wannan aika-aika ƙwaya ce da ake kira Bacillus cereus. Daga ƙasa take biyo hatsi, ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri har a gama girki. Da abinci ya huce aka bar shi a ɗumin ɗaki, sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta saki guba wadda tafasa ba ta karya ta. Haka ma Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a hanci da fatar mutane da yawa, ta faɗa abinci daga hannun mai girki. Su biyun gaggawa gare su: cikin awa ɗaya zuwa shida amai ya taso, yawanci kuma kafin kwana guda an miƙe. Sun fi kowa hayaniya, amma ba su ne abin tsoro na gaske ba.

Shi ya sa likita ke tambayar yaushe aka ci abincin, da kuma ko akwai jini a bayan gida. Tsananin ciwon ya danganta da inda gubar ta nufa a jiki.

Ɗauki kwalara, wadda mukan sha fama da ita da damina. Ƙwayar takan shiga hanji da ranta, ta hanyar gurɓataccen ruwa ko abinci, a can ta ƙera gubarta. Gubar ba ta yi wa hanji rauni. Tilasta masa take yi ya riƙa fitar da gishiri, ruwan jiki ya bi bayansa. Gudawa ta zo fara tas kamar ruwan wankin shinkafa, babban mutum ya iya zubar da lita guda a awa ɗaya, idanu su faɗa, ya ƙare kafin dare. Amma da yake ruwa kawai take kwashewa, mayar da ruwan shi ne magani: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi a kan hanyar asibiti.

Gubar Shiga, wadda ta ci sunan likitan Japan Kiyoshi Shiga, ita ce mai mugun nufi. Wasu nau'o'in E. coli da ke hanjin shanu ne ke yin ta, su iso mana ta naman da bai dahu ba ko ɗanyen nono. Tana hana ƙwayoyin halittar jiki aikinsu har su mutu, ta jawo gudawa da jini, sannan ta bi jini ta lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda. Abin takaicin, sai bayan kamar mako guda, ana murna gudawa ta tsaya, yaro ya ɗashe, fitsari ya ragu, a koma maganar wankin ƙoda. A Jamus a 2011 wani nau'in E. coli mai wannan guba ya kwantar da kusan mutum 4,000, fiye da 50 suka mutu. Da farko kokwambar Sifen aka ɗora wa laifi, daga baya aka gano tsiron hulba ne da aka sayo irinsa daga Masar. A nan ne ɗabi'armu ta garzayawa kemis ke da haɗari: maganin tsayar da gudawa yana riƙe gubar a ciki, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma kan sa ƙwayar ta ƙara sakin ta.

Wadda ta fi duka dafi kuwa, ta Clostridium botulinum, sau da yawa ko zazzaɓi ba ta sawa. Inda babu iska take tsira, kamar gwangwanin da ba a sarrafa da kyau ba. Jijiyoyi take tsare wa hanya, saƙo ya kasa isa ga tsoka: fatar ido ta saki, a riƙa ganin abu biyu-biyu, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi. Abin mamaki, ita wannan tafasar minti goma tana lalata ta. Ana kuma samun ƙwayar a zuma, ta tsira a hanjin jariri, don haka likitoci suka hana lasa wa yaro zuma kafin ya cika shekara ɗaya.

Idan abinci ya yi saura, a sa shi a firji cikin awa biyu, in babu wuta a rabar tun da ɗuminsa. Duk wanda ya ga jini a gudawar yaro, ko fitsarinsa ya ragu, ko babba ya fara gani biyu-biyu bayan cin abinci, don Allah kada ya tsaya a kemis, ya nufi asibiti.