Shingen raba wuta da iyakar zafinsa: misali daga Tenhya

Kalmar Faransanci «isolation» tana ɗauke da ma'ana biyu: tsare zafi, da raba wutar lantarki. Mai fassarar da ya ba su suna guda zai ruɗa mai gyara. A nan mun zaɓi «shinge» don ma'ana ta biyu, watau siririn abin da ke cikin wata 'yar ƙwayar na'ura, wanda ke barin saƙo ya ƙetare amma yana tare wuta mai ƙarfi. A cikin «optocoupleur», alal misali, haske ne ke ɗaukar saƙon.

A Tenhya, cikin Damargu, wanda ke cajin salula da faifan hasken rana yakan haɗa batir da «onduleur», mai mayar da volt 12 zuwa 220. Cikin caja da yawa, shingen nan yana daga abubuwan da ke tsakanin volt 220 da hannun mai salula.

Ƙa'idojin IEC 60747-5-5 da 60747-17 sun tanadi iyakoki uku: zafi (Ts), ƙarfin wuta (Ps) da yawan wutar da ke gudana (Is). Sau da yawa Ts digiri 150 ne. Waɗannan lambobi na lokacin da na'ura ta samu matsala ne; in an wuce su, shingen na iya lalacewa ba tare da alama a waje ba. Don haka muke ganin «iyakar tsira» ta fi dacewa da su, a bar «iyakar aiki» ga zafin yau da kullum.

Abin lura shi ne, takardun masu ƙera kan ba da Ps bisa iska mai digiri 25. Lissafin kuwa: Ps = (Ts − Ta) / R, inda Ta ke nufin zafin iskar da ke kewaye, R kuma ƙarin digiri kan kowane watt. A ɗauka R ya zama 100. A digiri 25, Ps watt 1,25 ne. Da bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafi na haura 40 a yankin Tanut. A 45, saura 1,05. In kuwa akwatin ƙarfe ya kai 70 ƙarƙashin rufin kwano, ƙura ta toshe kafofin iska, saura 0,8 kawai, wato fiye da sulusi ya tafi. Ta ɗin da za a sa a lissafi shi ne na cikin akwatin.