Dokar Da Ke Tsare Labarin Farashi A Kasuwar Shikago

A birnin Shikago na ƙasar Amurka akwai wata kasuwar hatsi da aka kafa a 1848, inda ake cinikin alkawari. Watau mutum ya sayar da masara ko alkama yau a kan farashin da aka yanke, amma ba zai kawo kayan ba sai wata kaza. Amfanin haka ga manomi shi ne ya san abin da zai samu tun kafin girbi.

Farashin da aka yanke a nan shi ake bazawa ko'ina, da shi mai saye a ƙauye ke taya manomi. Idan dillalin kasuwar ya aika labarin ƙarya, manomin da ke nesa shi ke kwana ciki.

Saboda haka Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka a 1922, ta ƙara mata ƙarfi a 1936. Dokar ta ce duk wanda ya aika labarin ƙarya game da amfanin gona ko farashi, alhali yana sane, ya yi laifi, hukuncinsa tara ko ɗauri. Ta hana cinikin ganin ido, inda mutum ke sayar wa kansa don a rubuta farashin da ba na gaskiya ba. Ta kuma hana dillali cuɗa kuɗin mutane da nasa.

Amma ko da labari na gaskiya ne, ana iya murɗa farashin kansa. A 1955 wasu mutum biyu, Vincent Kosuga da Sam Siegel, suka saye kusan duk albasar da ke Shikago. Daga nan suka ƙulla alkawuran sayarwa masu yawa, sa'an nan suka tuttulo albasar kasuwa. A watan Maris na 1956 buhu mai laba 50 ya faɗo zuwa santi 10, bai ko kai kuɗin buhun da aka zuba ta ba. Su biyun suka kwashi riba, manoma da yawa suka karye.

Kukan manoma ya kai Majalisa. A 1958 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta haramta cinikin alkawari a kan albasa, kuma har yau tana aiki. Manomin albasa a Amurka ya tsira daga irin wannan makirci, amma ya rasa kasuwar da za ta yanke masa farashi kafin girbi.