Farashin gida a cikin waya: wa zai ɗauki alhaki in an yi kuskure?

Duk wanda ya taɓa sayar da gida ko fili a Birnin Konni ya san yadda cinikin yake tafiya. A kira dillali ya zagaya gidan, ya dubi katanga da rufi, ya binciki nawa aka sallama na maƙwabci, sannan ya faɗi kuɗi. In ya yi ƙarya, an san ƙofar gidansa. To amma a 'yan shekarun nan wani sabon dillali ya shigo kasuwa, wanda ba ya karɓar la'ada, kuma ba wanda ya san gidansa. Wannan dillali kuwa shi ne wayar salula.

A shirinmu na rediyo mun sha jin irin wannan ƙorafi, galibi daga bakin mata. Hajiya ta yi shekaru tana zuba adashi daga cinikin albasa ko atamfa har ta gina ɗaki uku. Ranar da buƙata ta taso, sai ɗanta ya buɗe Facebook ya ga wani gida a Yamai ko Sakkwato an sa masa miliyoyin sefa, ya ce ai namu ma haka yake. Ko kuwa mai saye ne zai zaro tasa wayar ya nuna wani gida mai araha, ya ce ga farashin yau. Alhali ke da kike zaune a kasuwar Laraba kin fi kowa sanin cewa kuɗin da mai kaya ya fara faɗa daban, wanda aka sallama daban. Abin da ke cikin wayar kuɗin talla ne kawai.

Wannan rigima ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka, wani kamfani mai suna Zillow ya fara tun 2006 yana ba mutane ƙiyasin kuɗin gidajensu kyauta ta intanet. Kwamfuta ce ke lissafin, daga girman gida da kuɗin da aka sayar da na kusa da shi, ba tare da kowa ya taka ƙafa ya gani ba. A 2007 taƙaddama ta fito fili a jihar Arizona, inda hukumar da ke ba masu ƙiyasin gidaje lasisi ta nemi kamfanin ya daina, don a ganinta yana aikin da sai mai lasisi ke yi. A 2017 kuma wasu masu gidaje a jihar Illinois suka kai shi kotu, suna cewa ƙiyasin nasa ya karya darajar gidajensu. Kotu ta kori ƙarar, ta ce ƙiyasin ra'ayi ne kawai, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2019. Wato dai ko an cuce ka, ba ka da wanda za ka riƙe.

Abin dariyar shi ne, da kamfanin ya shiga sayen gidaje da kuɗinsa yana dogara da lissafin kwamfuta, sai ya tafka asarar ɗaruruwan miliyoyin dalar Amurka. A watan Nuwamba na 2021 ya rufe wannan sashe, ya sanar da sallamar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan. Daga bisani, a 2024, hukumomin tarayyar ƙasar suka fitar da ƙa'idojin da dole bankuna su bi in za su yi amfani da irin wannan lissafi wajen karɓar jinginar gida.

To in haka ta faru a ƙasar da ake rubuta kowane ciniki, ina ga yankinmu? Darajar shago a Konni tana rataye ne da iyaka. Mun ga yadda kasuwa ta mutu da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka sake gani bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ga faɗuwar naira, wadda ke sauya lissafin duk wanda jarinsa ke tsallaken Illela ta Sakkwato. Fili a bakin kwalta kusa da masana'antar siminti ta Malbaza, da gona a Alela, da garkar albasa a Galmi, kowanne da abin da ke ɗaga shi. Waya ba ta san inda ruwa ke kwanciya da damina ba, ba ta kuma san gidan da magada bakwai ke jayayya a kansa ba.

Sai babbar magana, wato takarda. Gida biyu na iya zama iri ɗaya, amma mai takardar mallaka ta gwamnati banki zai karɓe shi jingina, wanda kuwa ke da 'yar takardar shaidu biyu sai a yi ta kai da kawowa. Tun dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 aka tanadi kwamitocin kula da filaye, kuma a yau akwai su daga matakin gunduma har zuwa ƙauye, suna ba da takardar shaidar saye, gado ko kyauta. Mutane da dama har yanzu ba sa zuwa, wai gudun kashe 'yan jikkuna.

A 2025 gwamnati ta sa hannu kan dokar ƙayyade kuɗin hayar gidaje, abin da ya nuna tana iya shiga wannan fage in ta ga dama. Mu dai a namu ganin, hana mutane duba waya ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne maganin ba. Faransa tun 2019 ta buɗe wa kowa kundin ainihin kuɗin da aka sayar da gidaje. Ko allo aka kafa a ma'aikatar magajin gari, ana rubuta abin da aka sallama fili a kowace unguwa ba tare da sunan kowa ba, da an rage cuta. Matsalar ita ce wasunmu kan rage kuɗin a takarda don gudun haraji, kuma allon zai ɗauki abin da aka rubuta ne.

Kafin a kai can, Hajiya, in an nuna miki farashi a waya, ki tambaya ko an sayar da gidan ne ko talla ake yi, a wace unguwa, kuma da wace takarda. Sannan ki ji ta bakin dillalai biyu ko uku waɗanda ba su san juna a cinikin ba, ki kuma sa a duba miki takardar filin a ma'aikatar magajin gari tun kafin ki karɓi kafin alƙalami.