Taraktar da Ke Zama a Tafin Hannu

A shekarar 1949 Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ailan da ya yi fice wajen ƙera motocin noma, ya buƙaci wani abu da dillalansa za su riƙa ajiyewa a kan tebur idan suna yi wa manoma tallar tarakta. Babbar mota ba ta shiga ofis, amma 'yar ƙaramar siffarta tana shiga jaka. Aka ba wani kamfanin kayan roba na birnin Landan aikin, wato Airfix, wanda wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa a 1939. A wancan lokaci matajin gashi na aljihu yana cikin manyan hajojin kamfanin.

Da fari ma'aikata ne ke zama su haɗa 'yan taraktocin da hannu. Da aka yi lissafi aka ga ladan haɗawar na cin riba, sai aka ce to a sayar da su a warwatse, a saka takardar bayani, kowa ya je gida ya harhaɗa abinsa. Dabarar tsimin kuɗin nan ita ta zama sana'ar kamfanin. Bayan taraktar aka fitar da jirgin ruwan nan Golden Hind, wanda kantunan Woolworths suka riƙa sayarwa a kan sule biyu, sai jirgin yaƙi na Spitfire, daga nan yaran Ingila suka dulmuya cikin gam da fenti. Jiragen sama da tankokin yaƙi suka mamaye kasuwar, ita kuwa tarakta da ta buɗe ƙofa aka bar ta a baya shekara da shekaru.

Yanzu ta farfaɗo. Kamfanin Heller da aka kafa a Faransa ya fitar da irin waccan Ferguson ɗin, wato TE20, Revell na Jamus yana da Porsche Junior da Deutz D30, MiniArt na Yukiren ya shahara da Lanz Bulldog, Hasegawa na Japan kuma ya yi taraktar Yanmar ta zamani. Akwai kuma 'yan taraktocin ƙarfe da ake saye a haɗe da fentinsu, irin na Ertl da ke garin Dyersville a jihar Iowa ta Amurka, ko na Britains da Siku. Waɗannan saye ake yi a jera a kabad. Wanda ake magana a nan shi ne na cikin kwali, wanda idan an buɗe ba a ganin komai sai ƙananan gutsattsarin roba masu yawa, maƙale a jikin wasu firam kamar 'ya'yan itace a reshe.

Lambar da ke jikin kwalin, misali 1:24, tana nufin an rage komai sau 24. Ferguson TE20 ta gaske tsawonta bai cika mita 3 ba, don haka ƙaramar ba ta wuce kimanin santimita 12, ta zauna a tafin hannu daram. Masu son haɗa tarakta da sojoji da motocin yaƙi a fage ɗaya sun fi neman 1:35, domin shi ne ma'aunin da aka fi yin tankoki da shi.

Ita wannan TE20 ta cancanci a tsaya a kanta. An ƙera ta a birnin Coventry daga 1946 zuwa 1956, sama da rabin miliyan. Abin da ya ɗaukaka ta yana bayanta ne: hannuwa biyu a ƙasa, ɗaya a sama, waɗanda ke riƙe garma su ɗaga ta ko su sauke ta da ƙarfin matsin mai. Kafin wannan dabara janyo garma ake yi kamar akala, idan ta ci karo da dutse ko saiwa sai gaban tarakta ya ɗaga sama, wani lokaci ta kife ta danne direba. Tsarin Ferguson ya mayar da nauyin garmar kan tayoyin baya, 'yar ƙaramar mota ta riƙa yin aikin babba. Da irin waɗannan taraktoci wani mai yawon bincike mai suna Edmund Hillary ya isa tsakiyar ƙuryar kudancin duniya a ranar 4 ga Janairun 1958, kuma a garin Wentworth na Ostareliya har gini aka yi don tunawa da yadda suka taimaka wajen tare ambaliyar 1956. Wanda ya san haka, idan ya zo manna waɗannan siraran hannuwa uku, ba zai yi musu riƙon sakainar kashi ba.

Kayan aikin ba su da yawa: 'yar filaya mai kaifi ta yanke gutsattsari daga firam, wuƙa mai tsinin reza, samfefa mai laushi, matsefata, tsinken sakace da gam. Sabon shiga yakan murɗe yanki ya ɓalle shi da hannu, sai ya bar rami ko farin tabo da fenti ba ya ɓoyewa. Gwani yana yankewa nesa kaɗan, sannan ya goge ragowar a hankali. Akwai kuma wani siririn layi da ke bin jikin kowane yanki, inda ɓangarori biyu na mazubin masana'anta suka haɗu. A kan salansa ko sandar sitiyari layin nan shi ke fara tona asiri, don haka ana kankare shi da bayan wuƙa har ya ɓace.

Gam ɗin ma ba irin na takarda ba ne. Ruwa ne mai narka fuskar robar, gefe biyu su haɗe su zama abu ɗaya kamar walda. Irin mai tsinkakken ruwa na kamfanin Tamiya, wanda mutane da yawa suka fi so, ba shafawa ake yi ba: a haɗa yankan biyu tukuna, a taɓa bakin haɗin da ɗan buroshi, ruwan ya bi tsagar da kansa. Matsalar ita ce yana iya bin ƙarƙashin yatsa ma, kuma babu maginin da bai taɓa barin zanen yatsansa a kan bonet ba. Gilashin fitila kuwa ba a kai masa sufa gulu, domin tururinsa yana sa shi ya yi fari kamar ido mai yana.

A nan tarakta ta bambanta da ƙaramar motar hawa. Ita mota bodi yana rufe mata asiri, ko an yi ha'inci a inji ba mai gani. Tsohuwar tarakta tsirara take. Inji da akwatin giya da gatarin baya su ne gangar jikinta, duk a waje. Shi ya sa masu abin kan ƙara abubuwan da kamfani bai sa ba. Wayar fulogi mai kaurin milimita 7 idan an rage ta sau 24 ba ta wuce milimita 0.3, sai a fasa tsohuwar wayar lantarki a zaro silin tagulla ɗaya a lanƙwasa. Amma sai an san wace iri ake ginawa, domin TE20 ta fito da injin fetur, daga baya aka yi mai amfani da gas, kuma injin gas ba shi da fulogi, bututun mai ne a wurin. Wanda ya sa wa injin gas wayar fulogi ya sha wahalar banza, ya kuma ba masu ido abin dariya.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa yana tayoyin baya. Haƙoransu a karkace suke, suna haɗuwa a tsakiya kamar kan kibiya, kuma idan an dubi saman tayar tsinin kibiyar gaba yake kallo, don ta riƙa ture laka gefe. Tayar dama da ta hagu kama ɗaya suke a cikin kwali. Mutum ya yi wata guda yana aiki, ya ɗauki hoto yana murna, manomi ya kalla sau ɗaya ya ce masa, ai tayarka ɗaya baya take tafiya. Wata matsalar kuma ba ta bayyana sai an daɗe: wasu tayoyin roba mai laushi suna da sinadarin da ke narka robar wili a hankali, don haka ake shafe wilin da fenti sosai kafin a sa taya.

Kafin fenti ana wanke komai da ruwan sabulu a cire maiƙon masana'anta da na hannu, sannan a yi shafen farko, wanda ke kama roba ya kuma fito da duk wata tsaga da ido ya tsallake. Fentin iri-iri ne. Na Humbrol mai mai, a 'yan gwangwanaye masu cin mililita 14, yana kwanciya sumul amma yana daɗewa bai bushe ba, ga wari. Na ruwa, irin na Vallejo daga Sifaniya, yana bushewa da wuri kuma ruwa ke wanke buroshinsa. Ko da buroshi za a yi ko da 'yar bindigar feshi, ƙa'idar ɗaya ce: a tsinka shi ya koma kamar madara, a yi shafe uku marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri da zai cike kawunan notuna. Ja da rawaya su ne masu taurin kai, ba sa rufe baƙi ko toka, sai an shimfiɗa musu fari a ƙasa.

Ferguson kuwa toka ce daga sama har ƙasa, inji da wili da bonet duk launi ɗaya. Da jin haka mutum zai ce abin ya zo da sauƙi. Sai an gama fesawa a ga ta fito kamar abin wasan yara da aka tsoma a bokitin siminti.

Daga nan ainihin gwanintar ke farawa, wato tsufar da ita. Ana tsinka baƙin fenti ko ruwan ƙasa ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga a lunguna, ya taru a gindin notuna ya ba su inuwa. Ana ɗaukar buroshi a tsoma a launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama don gefuna su fito. Masu son fentin da ya ɓare sukan fara shafa launin tsatsa, su fesa man feshin gashi na mata a kai, sannan su sa launin motar; idan ya sha iska sai a jiƙa buroshi da ruwa a goga, fentin sama ya riƙa ɓantarewa, tsatsar ta leƙo. Wasu da gishiri suke yi: a yayyafa shi a kan jiƙaƙƙiyar tsatsa, a fesa fenti, a karkaɗe. Fensir na makaranta ma yana da aiki, domin idan an goga bakinsa a kan fedar kuloci ko sandar giya sai wurin ya yi ƙyallin ƙarfen da ƙafa da hannu suka cinye.

Sai dai dabarun nan kowa na iya koyonsu a mako guda. Abin da ke da wuya shi ne sanin inda za a sa su. Tsatsa ba ta cin wurin da baƙin mai ke zuba. Salansa ce ke fara yin ja saboda zafi. Fenti yana gogewa a matakala da kan murfin taya inda direba ke dafawa, gas yana barin duhun tabo a bakin tanki, ƙura kuma ta manne a kan tabon. Rana ta fi dukan saman bonet, shi ya sa jan Massey Ferguson ke koɗewa a sama ya bar gefe da sauran launi. Yawancin 'yan taraktocin da ake gani a hotuna sun wuce gona da iri, an lafta musu tsatsa kamar an tono su daga ƙarƙashin kogi, alhali an nuna su suna huɗa. Mai haɗa Lanz Bulldog kuma sai ya san cewa injinta silinda ɗaya ne, ana gasa kansa da wuta kafin ya tashi, don haka dole gaban ya yi baƙin hayaƙi.

Masu wannan sha'awa suna da ƙungiya, IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, kuma kowace Nuwamba suna taruwa a garin Telford a baje koli. A Japan birnin Shizuoka, mazaunin Tamiya, yana nasa bikin a watan Mayu.

A ƙasar Hausa kwalayen nan ba kayan kowane kanti ba ne, sai dai a yi oda ta intanet ko a ba matafiyi sautu, kuma fenti da gam sun fi kwalin wahalar isowa saboda dokokin ɗaukar kayan da ke kama wuta a jirgi. Amma hannun ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa fere kara ya yi mota, ko ya yanka gwangwani da silifa ya yi tirela. Abin kwaikwayo ma yana kusa, a garejin ƙaramar hukuma ko bakin kasuwar ƙauye, inda tsofaffin Massey Ferguson suke tsaye, da Steyr irin waɗanda aka harhaɗa a Bauchi, da Fiat na Kano. Bature sai ya sayi garin launi a kwalba kafin ya samu jar ƙasa. A nan ɗiba za a yi a bakin hanya, a tankaɗe da tsohon gyale, a dama da ɗan gam da ruwa a cusa tsakanin haƙoran taya. Lokacin hunturu ne kawai abin ke juyewa, domin ƙurar da ke yawo a iska tana sauka a kan ɗanyen fenti ta lalata aikin kwana uku. Masu dabara sukan yayyafa ruwa a daɓen ɗaki kafin su fara feshi, da sun gama kuma su kife robar abinci a kan taraktar har gobe.