Me kwanan watan da ke jikin gwangwani yake nufi?

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a shekarar 2022, kashi 60 cikin ɗari a gidaje. Wani ɓangare na wannan asara rashin fahimtar rubutun jikin kaya ne.

Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta wajabta buga kwanan wata a kan abincin gwangwani, kwali da leda, amma ba duka ne ke faɗin abu ɗaya ba. MFD ranar da aka sarrafa kayan ce kawai. BB kuwa maganar inganci ce: bayan ranar, biskit zai iya yin laushi, ƙanshin ganyen shayi ya ragu, amma taliyar da aka ajiye a busasshen wuri ba ta zama guba da wayewar gari. A duba, a sansana, kada a yi gaggawar zubarwa.

Inda babu sassauci shi ne EXP, wato ranar ƙarewar wa'adin amfani da kayan, musamman a kan yogot, nama da madarar jarirai. Wasu ƙwayoyin cuta ba sa canza wari ko launi, don haka hanci ba alƙali ba ne a nan.

Kuma duk lissafin kamfani ya dogara ne da adana mai kyau. Yogot ɗin da ya wuni cikin rana a tasha, ko naman firjin da aka ɗauke wa wuta kwana biyu, ranar da ke jikinsu ba ta da sauran amfani. Gwangwanin tumatirin da ya kumbura kuwa, a rabu da shi ko da saura shekara guda.